Ƙahon Dodon Emil

"To faɗa min da bakinki," in ji Ardis. "Ubanki maƙaryaci ne?"

"Mama, ni ban ce haka ba."

"Jarida ta ce ke kika faɗa."

"Jarida ce ta faɗa. Abin da na faɗa daban ne."

"Ga hotonki nan, Janelle. Har da murmushi."

Ni dai ina zaune kusa da murhu riƙe da kofin gahawa, ina hura shi duk da ya daɗe da hucewa. Ardis matar ƙanena ce, marigayi Emil Sayler. Janelle kuma 'yarsu ce tilo, wadda ta yi karatun ƙasusuwan dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, har ta zama Dakta. Ta tuƙo mota tun daga jami'arsu don ta riga jaridar isowa gida, ba ta kuwa riga ta ba. Ni ce Leona, yayar Emil, kuma ba wanda ya kira ni. Da na ga jaridar a gidan mai da safe sai na koma na naɗe burodin da na gasa jiya, na ce bari in je in duba jikin Ardis. Lafiyarta ƙalau, na sani. Amma ba a shiga gidan mutane hannu rabbana.

Jaridar na shimfiɗe a kan tebur tsakaninsu. Ta babban birni ce, ba 'yar tamu ta garin Kessel mai kawo farashin maruƙa da sunayen mamata ba. Da manyan baƙaƙe aka rubuta: DODON KESSEL JABU NE, 'YAR MAI GONAR TA TONA ASIRI.

Dodon nan ya kusa shekara talatin a duniya. Emil ne ya gano shi wata bazara yana bin shinge a kan doki, neman wata saniya mai yawon tsiya, sai ya ga ƙashi ya leƙo daga bangon kwazazzabo. Mu nan gabashin Montana ƙashin da ya koma dutse ba abin kallo ba ne, kowane gida akwai shi a bakin fulawoyi. Amma wannan ƙoƙon kai ne sukutum, faɗinsa ya kai teburin da muke zaune. Wani Farfesa Whitlock ya zo da ɗalibai, suka share rani guda a rana suna kakkaɓe ƙasa da burushi kamar masu yi wa amarya kwalliya. Kan irin na dainoso mai ƙaho ukun nan ne da kowa ya sani, sai dai ƙahonin sun karye tun zamanin da, babu su. Can ƙarshen aikin suka tsinci ƙaho ɗaya a gangare, ƙasa da ramin, gajere, ya lanƙwashe baya maimakon gaba. Farfesa ya ce ba a taɓa ganin tsohon dainoso mai irin wannan ƙahon ba, sabuwar halitta ce. Ya raɗa mata wani dogon suna da har yau harshena ba ya iya juya shi, amma sunan Emil ne a ƙarshensa.

A jikin ƙahon akwai wata tsaga. Farfesa ya ce wataƙila cizo ne. Jaridu suka cinye wataƙilar, suka zana dodon yana dambe da babban dainoson nan maci-nama, jini har gefen takarda. Gari ya kafa gunkinsa a bakin hanya. Ƙungiyar ƙwallon makaranta ta canza suna. Emil kuwa, mutumin da in ka gaishe shi sai ya yi tunani kafin ya amsa, ya koma mai yi wa baƙi jawabi. Da ya rasu Ardis ta sa aka zana dodon a dutsen kabarinsa, sama da sunansa ma.

"Ki saurare ni sau ɗaya, Mama," in ji Janelle. "Na yanki ɗan siririn yanki daga ƙahon, da wani daga ƙoƙon kan."

"Da zarto."

"E, da zarto. Haka aikin yake yanzu."

"Kin ji ko, Yaya Leona? Ta sa wa ubanta zarto."

"Na ji," na ce. "Allah ya sa dai mai kaifi ne."

Janelle ta harare ni. Tun tana ƙarama take da wannan hararar, ta gidanmu ce.

"Ƙashi yana da zobba a ciki kamar kututturen itace," ta ci gaba. "Da su ake gane shekaru. Kan na tsoho ne tukuf. Ƙahon na matashi ne. Matasansu dama ƙahonsu baya yake kallo, sai sun girma yake juyowa gaba. Lokacin Farfesa ba a tabbatar da haka ba. Dabbobi biyu ne aka haɗa, shi ke nan. Ba sabuwar halitta ba ce, sunan zai faɗi. Wannan kaɗai na rubuta."

"Kaɗai," in ji Ardis. "Sunan zai faɗi, kaɗai."

"Na kira ki tun watan jiya zan yi miki bayani, kika ce kina sallamar maruƙa."

"To jabun fa? Daga ina ya fito?"

Janelle ta dafe goshi. Ta ce ɗan jaridar ya kira ta a waya, yaro mai ladabi, Dakta kaza Dakta kaza. Ta ɓata lokaci tana yi masa bayanin zobban ƙashi yana cewa madalla. Ta gaya masa mai yiwuwa ruwa ne ya gangaro da ƙahon daga wani wuri, abu ne da ya saba faruwa. Sai ya tambayi tsagar nan. Ta ce ta duba da madubin ƙara girma, ba haƙori ba ne, ƙarfe ne ya yi ta, magagari.

"Ya ce wa ke da magagari a wurin? Na ce ban sani ba. Ya ce mai gonar yana da shi? Na ce kowane mai gona yana da shi. Sai ya rubuta wai na amsa cewa babana yana da irin kayan aikin."

Ardis ta zauna. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar jana'iza.

"Kika bar shi ya rubuta."

"Ba ya nuna min kafin ya buga, Mama. Na kira su da safe, sun ce za su duba."

"Za su duba. Emil da ko ƙusar da ya tsinta a hanya sai ya yi cigiyar mai ita a coci."

Wannan kam gaskiya ne. Ƙanena ba shi da wayon da zai yi ƙarya, Allah ya jiƙansa. Sau ɗaya ya gwada muna yara, kan wani kek da ya ɓace, kunnuwansa suka yi ja kamar gauta kafin ya gama magana.

"Ba ma su kaɗai ba ne," in ji Janelle. "Akwai gishiri cikin ramukan ƙahon, mai yawa. Ba mu gano dalili ba, na ambata a layi ɗaya can ƙasa. Wata jaridar ta ɗauki layin ta ce dainoso mai iyo a teku aka gano. Yau ɗaya dodon ya zama jabu a wata jarida, a wata kuma ya zama kifi."

Na yi dariya, ni kaɗai. Don in rufe sai na ce su miƙo min jaridar in ga abin da ake ta magana a kai, tunda a gidan mai shafin farko kawai na karanta, mai shagon ba ya bari a buɗe sai an saya. Na sa tabarau, na lashi yatsa, na juya ciki.

A shafin ciki suka buga hoton ƙahon. Ba na gunkin bakin hanya ba, mai santsi da fenti ruwan ƙasa. Ainihin nasa, wanda ke kulle a jami'a tun ranar da aka tafi da shi, kwance a kan farin ƙyalle, an ajiye ma'auni a gefensa. Baƙi-baƙi ne, gindinsa ya ɗan shafe a gefe ɗaya, ga tsagar ta kusa zagaye shi kusa da tsakiya.

Na cire tabaraun na goge da rigata na mayar. Bai canza ba.

Ina son labari, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma wallahi wannan karon sai da na ji kamar in ninke jaridar in ce burodina na kan wuta. Na dubi Janelle, na dubi Ardis. Bakina ya riga ni yanke shawara.

"Ardis, ina dutsen Inna?"

"Wane dutse kuma? Yaya Leona, don Allah ba yau ba."

"Dutsen randar kabeji. Wanda na yi ta tambayarki kina cewa ya ɓace."

"Ya ɓace mana. Yanzu ana maganar mutuncin ƙanenki, ke kina maganar dutse."

Na juya jaridar na tura mata. "Sa tabaranki."

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda ake kabejin tsami. In kaka ta yi a yayyanka kabeji, a zuba a randa ana barbaɗa gishiri ana dannawa, a ɗora faifan katako, sannan a danne da dutse mai nauyi har ruwan ya taso ya rufe shi. Kowace mata da dutsenta, kuma ba a aro. Na Inna Baba ne ya tsinto mata shi a can arewacin gona, tun kafin a haifi Emil. Da yake yana da santsi yana suɓuce mata cikin ruwan gishirin, sai Baba ya ɗauki magagari ya yi masa tsaga, ya ɗaura waya, ya zama abin ɗagawa. Ni na fi kowa ɗaga shi, don ni ce babba. Da Inna ta rasu randar ta zauna a gidan gona wurin Ardis, alhali kowa ya san 'ya mace ke gadar randa. Wannan wata maganar ce daban, ba yau zan tayar da ita ba.

Ardis ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Gwaggo, me kike nufi?" in ji Janelle.

"Ina nufin kifinki ya fi shekara arba'in yana iyo a randar kakarki, Dakta."

"A'a."

"Tsagar nan kakanki ne ya yi ta. Ina tsaye, ni na riƙe masa."

Janelle ta jawo jaridar, ta dubi hoton da ita da kanta ta ɗauka kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce gishiri, a hankali. Ta sake cewa gishiri. Sannan ta ɗago.

"To yaya aka yi ya je kwazazzabon? Babana ne ya kai?"

"Kada ki sake ambaton ubanki," in ji Ardis. Muryarta ta koma ƙarama. "Bai sani ba. Har ya mutu bai sani ba."

Na ajiye kofina a hankali don kada ya yi ƙara ya katse ta.

Ta ce ranin nan Farfesa ya yi wa mutanen gari jawabi a zauren coci. Na tuna, ina wurin, na je da kek ɗin wani tsiron lambu da muke kira rubab, wanda matar fasto ta ce ya yi tsami. Farfesa ya ce duk ƙashin da aka ɗauke daga inda yake kwance an kashe shi karo na biyu, masu kai su gida su yi ado suna ɓata tarihin duniya. Yana faɗa yana murmushi, bai nufi kowa ba. Amma Ardis ta riga ta gayyace shi cin abinci da ɗalibansa. Ta dawo gida ta dubi tsakar gidanta: ƙasusuwa jere a bakin fulawoyi, wani an tokare ƙofar rumbu da shi, wasu a kan taga, wanda Emil ya tsinto, wanda surukinta ya tsinto, ga na randa.

"Kunya ta kama ni," ta ce. "Mutumin nan mai ilimi zai zauna a teburina ya ci kabejin da na danne da tarihin duniya. Ranar Lahadi ɗaliban suka tafi gari wanki, Emil na wurin shanu. Na kwashe su duka a bayan a-kori-kura."

"Mama."

"Na mayar da su ne. Cewa ya yi kada a raba su da wurinsu. Na ga can ne 'yan'uwansu suke. Ban ma je kusa da raminsu ba don kada in taka musu aiki, daga ƙasa na zube su a gangare. Har na warwatsa su da ƙafa don kada su zama tsibi kamar shara."

Janelle ta ture kujerarta baya. Ta miƙe ta je bakin famfo ta tsaya ta ba mu baya.

"Duka?" ta ce. "Ba ƙahon kaɗai ba?"

"Duk abin da ke gidan."

"Mama, ƙasusuwan gangaren nan suna cike da akwatuna a wurinmu. Akwai wanda ya sami digiri a kan dalilin da ya sa dabbobi iri-iri suka taru suka mutu wuri ɗaya. Jaridu sun kira wurin maƙabartar dodanni."

"Ashe lambun uwarki ne," na ce.

"Gwaggo, don girman Allah."

Amma tambaya ɗaya na ci na, kuma na san in ban yi ba ba wanda zai yi.

"Ardis, shekara da shekaru kina wuce gunkin nan in za ki kasuwa. Bai taɓa faɗo miki ba?"

"Nasa uku ne," ta ce. "Masu kyau, masu sheƙi. Nawa ɗaya ne, baƙi, yana warin tsami." Ta murza zoben aurenta. "Da suka ce sun sami ƙaho Emil ya shigo yana rawa a kicin ɗin nan. Kin taɓa ganin Emil yana rawa? Ban tambaya ba. Ban je na duba ba."

Ko ta sani ta ƙi sani, ko da gaske ba ta sani ba, wannan tsakaninta da Mahaliccinta. Ni dai ina da ra'ayina.

Janelle ta dawo ta durƙusa gaban uwarta ta riƙe hannuwanta. Ta ce a bar mata abin. Za ta rubuta gyara a mujallar masana, ta ce an gano wani ya mayar da ƙasusuwan wurin da kyakkyawar niyya, ba tare da suna ba. Sai wasu masanan sun duba kafin a buga, haka tsarin yake.

"Yaushe zai fito?"

"Wataƙila baɗi."

"Baɗi. Wa ke karanta ta?"

Janelle ta dubi jaridar da ke kan tebur.

"In aka ce wani, ba suna, kowa Emil zai ce," in ji Ardis. "Jibi Lahadi. Zan shiga coci in zauna a bencinmu, kowa na kallon inda yake zama."

"Mama, ba ki san mutanen nan ba. In suka ji maganar kabeji sun sami abin dariya na shekara. Za su zana ki da randa a ka. Har talabijin sai ta zo. Ni da nake da takardu a hannu kin ga yadda suka yi da maganata."

"In na faɗa, sunan zai dawo kan dodon?"

"A'a. Sunan ya tafi, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba."

Ardis ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa.

Nan ne na tuna abin da Doreen mai masaukin baƙi ta gaya min a gidan mai. Na so in riƙe, amma labari in ya kai min maƙogwaro sai ya fita.

"Yaron jaridar fa yana gari," na ce. "Wurin Doreen ya sauka, da mai ɗaukar hoto. Sun gama da gunkin. Ta ce ya tambaye ta hanyar maƙabarta."

"Maƙabarta," in ji Ardis.

"Wai an gaya masa akwai zane a dutsen kabarin."

"Gwaggo, sai da kika faɗa," in ji Janelle.

Ardis ta zare hannuwanta daga na 'yarta. Ta miƙe ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, muka ji takunta a kan matakala, muka ji ana jan abu. Ta hawo rungume da faifan katakon randar, ya yi baƙi don tsufa, a tsakiyarsa ga ɗan kwarmin da ƙahon ya yi saboda daɗewar zama. Ta ɗauki jaridar ta ninke ta cusa a hammata, ta ciro makullin mota daga ƙusa.

"Mama, ki tsaya mu yi shawara. Ko in bi ki, in yi masa bayani yadda ya kamata."

"Kin yi masa bayani sau ɗaya."

Na riga na ɗauki jakata ina neman ɗaya takalmin a ƙarƙashin kujera. "Bari in raka ki, Ardis. Ai kina buƙatar shaida, ni na riƙe wa Baba."

Ta juyo daga bakin ƙofa ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ke zauna, Yaya Leona. Wannan ɗaya dai ni zan riga ki kai shi gari."

Ta fita, ta bugo ƙofar har kofunan da ke kan kanta suka yi ƙara.